Sharhi: Tsakanin Jiha da Ƙaramar Hukuma, Wa Ke da Hurumin Kula da Gidajen Abinci?

Duk wanda ya saba bin hanyar Kano zuwa Gwarzo ya san cewa daga Rimin Gado zuwa Garo har cikin garin Gwarzo, da wuya a wuce wata mararraba ba a ga teburin mai shayi ko tukubar mai tsire ko rumfar mai tuwo ba. Haka abin yake idan aka ratse zuwa garuruwa irin su Dugabau, ɗaya daga cikin mazaɓu 10 na Ƙaramar Hukumar Kabo. Waɗannan ƙananan sana'o'i su ke ciyar da direba da ɗan kasuwa da malamin makaranta da ma'aikacin asibiti, kuma su ke riƙe da gidaje masu yawa da rani idan an gama aikin gona.

Koken da muka fi ji daga bakin masu waɗannan sana'o'i a duk lokacin da muka fita aikin wayar da kan jama'a bai wuce guda ba. Yau wannan ya zo da rasit ya ce daga sakatariya yake, gobe wancan ya zo ya ce daga Kano aka turo shi, jibi kuma wani ya zo ko rasit ɗin ma babu. Su ma jami'an ƙananan hukumomi suna da nasu koken, wato hukumomin jiha suna shiga musu gona, suna karɓe 'yan hanyoyin kuɗin shigar da suka rage musu. A ɗaya ɓangaren kuma, ma'aikatan jiha kan ce ƙananan hukumomi karɓar kuɗin kawai suka iya, ba ruwansu da duba tsabtar abin da jama'a ke ci. Saboda haka muka ga ya dace mu baje wannan magana a faifai, mu duba abin da doka ta ce da abin da kotuna suka yanke. Biyu daga cikin hukunce-hukuncen da za mu kawo a kan Jihar Kano aka yanke su, kuma a duka biyun kotu ta ce gwamnatin jiha ta wuce huruminta. Ba mu ga dalilin ɓoye wannan ba, domin a cikinsu ne amsar take.

Abin da Tsarin Mulki ya tanada

Sashe na 7 na Tsarin Mulkin Tarayyar Nijeriya na 1999 shi ne ya tabbatar da tsarin ƙananan hukumomi a ƙarƙashin zaɓaɓɓun majalisu, ya kuma ɗora wa kowace gwamnatin jiha nauyin yin dokar da za ta fayyace kafuwarsu da tsarinsu da kuɗinsu da ayyukansu. Ƙaramin sashe na 5 ya ƙara da cewa ayyukan da dokar jiha za ta ba su dole ne su ƙunshi waɗanda aka lissafa a Jadawali na Huɗu. To, a cikin wannan jadawali, sakin layi na 1, harafin k, an ambaci kula da gidajen abinci da gidajen burodi da sauran wuraren da ake sayar wa jama'a abinci a matsayin aikin ƙaramar hukuma. A wuri guda aka haɗa su da kantuna da tireda da wuraren wanki da guga da allunan talla. Harafin e kuma ya ba ta kafawa da kula da kwata da kasuwanni da tashoshin mota da banɗakunan haya. Akwai ma batun lasisin sayar da barasa a cikin jerin, amma wannan ba magana ce da ta shafe mu ba a jihar da ta haramta shi bayan dawo da Shari'a.

Idan aka tsaya a nan, sai a ce magana ta ƙare, mai shayin Dugabau na Ƙaramar Hukumar Kabo ne, mai tuwon Getso kuma ta Gwarzo ce. Amma a lura da yadda aka gina maganar. Tsarin mulki bai miƙa wa ƙaramar hukuma ikon hannu da hannu ba, ya ce wa majalisar dokokin jiha ne ta miƙa mata shi ta hanyar doka. Haka kuma a kashi na biyu na Jadawali na Biyu, sakin layi na 9, majalisar dokokin jiha ce aka ba damar yin tanadin yadda ƙaramar hukuma za ta karɓi haraji ko wani kuɗi. Ma'ana, aikin na ƙaramar hukuma ne, jiha ba ta da ikon hana ta shi ko ƙwace shi, amma ma'aunin da za ta yi awo da shi daga majalisar jiha yake fitowa. Ciyaman ko ma'aji ba zai wayi gari ya yanka wa masu burodi kuɗin da ya ga dama ba, haka shi ma kwamishina ba zai wayi gari ya ce daga yau ma'aikatarsa ce ke ba mai tsire lasisi ba. Mafi yawan rikicin da ake yi ya samo asali ne daga kowane ɓangare ya karanta rabin da ya yi masa daɗi ya bar ɗaya rabin.

Darasin 1998

Tun kafin a dawo mulkin farar hula Kotun Ƙoli ta taɓa gwada wannan iyaka, kuma a kan Kano. Gwamnatin jiha ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin ƙiyasta kadarori na Knight Frank and Rutley domin ya ƙiyasta gidaje da gine-ginen birnin Kano saboda karɓar kuɗin gida. Da saɓani ya shiga tsakani aka je kotu, magana ta kai har Kotun Ƙoli, wadda a 1998 ta yanke cewa tun farko gwamnatin jiha ba ta da hurumin ba da wannan kwangila, domin ƙiyasta gidaje saboda kuɗin gida aiki ne da tsarin mulki ya lissafa wa ƙananan hukumomi. A ƙarƙashin Tsarin Mulkin 1979 aka yanke hukuncin, amma wannan tanadi ya dawo a na 1999. Kuɗin gida da kula da gidajen abinci a jadawali ɗaya suke, a sakin layi ɗaya, harafi ɗaya ke bin ɗaya. Don haka duk hukumar jihar da ta yi sha'awar karɓe lasisin gidajen abinci na karkara, ya kamata lauyanta ya fara karanta mata wannan hukunci.

A wannan shekara ta 1998 ne kuma gwamnatin soja ta fitar da Doka ta 21, wadda ta jera irin harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa. A rabon da ta yi, jiha ta sami harajin kuɗin shigar mutane, da kuɗin raya ƙasa wanda bai wuce naira 100 a shekara ba, da rajistar wurin kasuwanci, wadda aka ƙayyade wa naira 10,000 a birni da sabuntawa naira 5,000 duk shekara, a karkara kuwa naira 2,000 da sabuntawa naira 1,000. Ƙaramar hukuma ta sami kuɗin kanti da tireda, da kuɗin kwata, da kuɗin tasha, da kuɗin kwashe shara, da kuɗin allon talla, da kuɗin kasuwa, in banda kasuwar da jiha ta zuba kuɗinta a ciki. Dokar ta kuma hana kafa shinge a kan hanya domin karɓar haraji, ta sa tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara 3 ko duka biyun. Shekaru da dama wannan jeri shi ne abin da kowane jami'in kuɗin shiga yake kafa hujja da shi.

Sai dai jerin bai tsira daga kotu ba. A 2015 Ministar Kuɗi ta lokacin, Ngozi Okonjo-Iweala, ta yi masa ƙari da wasu haraje-haraje ga jihohi, ciki har da harajin ci da sha a otal-otal da gidajen abinci da wuraren taro. A 2020 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas ta soke wannan ƙari, ta ce gyara doka aikin majalisa ne ba na minista ba. A shekarar dai, a shari'ar da Ƙaramar Hukumar Uyo ta yi da Gwamnatin Jihar Akwa Ibom a kan kuɗin tasha, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ce ita kanta dokar ta 1998 ba za ta tsaya ba, saboda ta ɗora kanta a bisa tsarin mulki. Abin da jami'anmu na ƙananan hukumomi za su ɗauka a nan shi ne, tsohuwar takardar 1998 da ke cikin aljihun tebur ba ta isa hujja ba. Madogarar da ba ta girgiza ita ce tsarin mulki, sai dokar kuɗin shiga da majalisar dokokin jiha ta zartar tare da jadawalinta, sai ƙananan dokokin da majalisar kansiloli ta yi a ƙarƙashinta.

Darasin 2018

Hukunci na biyu ya fi kusa da tukunya. A 2017, zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje, aka yi wa dokar kuɗin shiga ta Jihar Kano gyara, inda sashe na 96 da na 97 suka sa harajin kashi 5 cikin 100 a kan abin da aka saya ko aka ci a otal-otal da gidajen abinci da gidajen burodi da wuraren tsire da manyan kantuna da wuraren taro. Ƙungiyar masu ɗaukar ma'aikata ta Nijeriya, wato NECA, tare da kamfanin da ke gudanar da kantunan Shoprite, wanda a lokacin yake da reshe a Kano, suka garzaya Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja. A 2018 Mai Shari'a John Tsoho ya soke sassan biyu. Dalilinsa shi ne, Majalisar Tarayya ta riga ta sa harajin VAT a kan waɗannan kayayyaki, wanda a lokacin shi ma kashi 5 ne, don haka ƙara wani a kai ya zama karɓar haraji biyu a kan abu ɗaya daga aljihu ɗaya. Watanni kaɗan kafin nan, a ƙarshen 2017, Kotun Ƙoli ta faɗi irin wannan magana a shari'ar Jihar Legas da otal ɗin Eko a kan harajin ciniki.

Masu goyon bayan ikon jiha kan kawo wani hukunci na Kotun Ƙoli na watan Yulin 2013, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta kai Jihar Legas ƙara a kan dokokinta na ba otal-otal lasisi da kuma harajin ci da sha na 2009. Gaskiya ne kotu ta ba Legas gaskiya, ta ce ikon tarayya ya tsaya ne a kan zirga-zirgar baƙi masu yawon buɗe ido, bai kai ga yi wa otal da gidan abinci rajista a cikin jiha ba. Amma a wannan shari'a tarayya ce da jiha suke ja, babu ƙaramar hukuma ko ɗaya a cikin masu ƙara ko waɗanda ake ƙara. Hukuncin ya kori tarayya daga filin, bai goge Jadawali na Huɗu ba. A kan harajin ci da sha kuwa kotuna sun yi ta kai-komo, domin a 2019 wata Babbar Kotun Tarayya a Legas ta ba jiha gaskiya, a 2022 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke wannan hukunci.

Mun kawo waɗannan shari'o'i ne don a gane abu ɗaya. Duk wannan fafatawa a kan haraji ce, wato kason da gwamnati ke cira daga cinikin manyan wurare masu na'urar lissafi da littafin ciniki. Lasisin mai shayi da duba tsabtar rumfar mai tuwo wani abu ne daban, kuma babu hukuncin da ya ɗauke shi daga hannun ƙaramar hukuma. Wanda duk ya zo Dugabau ko Gude ko Kutama yana neman kashi kaza cikin ɗari na cinikin mai tsire, a tambaye shi sashen dokar da ya dogara da shi.

Yadda kuɗi ya sha gaban aiki

Dattawa suna tuna zamanin En'e, lokacin da jin an ce ga duba-gari nan ya isa ya sa a share ƙofar gida a rufe randa. Duba-gari ba don rasit ake tsoronsa ba, don yana leƙa tulu ne, yana duba kwatami, yana iya sa a zubar da abincin da ya lalace a gaban mai shi. A wancan lokaci baitulmali da haraji da jangali ya dogara. Bayan gyaran ƙananan hukumomi na 1976, sai a 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano, matakin da talakawa suka yi murna da shi ƙwarai, kuma suna da dalili. Amma tun daga nan ƙaramar hukuma ta karkara ta koma dogaro da kason da ke zuwa daga asusun tarayya, abin da take iya tarawa da kanta kuma ya koma kasuwa da tasha da kwata da 'yan rumfuna. A fahimtarmu a nan ne lasisin abinci ya sauya kama. Abin da aka ƙirƙira don ya zama shaida cewa an duba wuri an same shi da tsabta, sai ya koma takardar da ake yaga wa duk wanda ya miƙo kuɗi.

Kalmar da tsarin mulki ya yi amfani da ita a harafin k ta kulawa ce da tsarawa. Nauyi ne aka ɗora kafin ya zama hanyar samun kuɗi. Ƙaramar hukumar da ta karɓi kuɗin lasisi a hannun mai tuwo ta ɗaukar wa masu cin tuwon alkawarin cewa ma'aikacinta ya ga inda ake ɗebo ruwan, ya ga inda ake zubar da ruwan wanke-wanke, ya tabbata ba a jarkar maganin feshi ake ajiye mai ko ruwa ba, ya kuma tabbata naman da ke cikin miya daga kwata ya fito bayan an duba shi. A yankin noma irin namu wannan batu na jarkar maganin feshi ba ƙarami ba ne, haka ma batun ruwa da damina lokacin da kwalara ke yaɗuwa. Idan ba a yi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba, to abin da aka karɓa ba kuɗin lasisi ba ne ko da an rubuta haka a jikin rasit.

A da ana iya cewa babu kuɗin aiki, domin kason ƙananan hukumomi, wanda ya kai kashi 20.60 cikin 100 na asusun tarayya, ta asusun haɗin gwiwa da jiha yake biyowa. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli, ta bakin Mai Shari'a Emmanuel Agim, ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye, kuma zaɓaɓɓun shugabanni ne kaɗai za su riƙe su, ba kantomomi ba. A ranar 26 ga Oktoba na shekarar aka yi zaɓe a ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano. Aiwatar da hukuncin ya zo da jan ƙafa a faɗin ƙasa, wannan ba a ɓoye yake ba. Duk da haka alƙiblar ta fito fili, kuma wanda ya nemi 'yancin riƙe kuɗi ya nemi a tuhume shi a kan aiki. Babur ɗaya da mai da littafin rubuta rahoto ga kowane jami'in duba-gari ba abu ne da ya fi ƙarfin Kabo ko Gwarzo ba.

Inda ba a iya yi sai da jiha

Kada kuma a ɗauka muna cewa jiha ta naɗe hannu. Idan ba a manta ba, a watannin Maris da Afrilun 2021, gab da azumi, jama'a da dama a Kano sun kwanta asibiti bayan shan lemon da aka haɗa da gurɓataccen gari da ɗan tsami na bogi. Kwamishinan Lafiya na lokacin, Dakta Aminu Ibrahim Tsanyawa, ya bayyana cewa mutum 10 sun rasu, kimanin 400 kuma an kwantar da su. Wannan gari ba a ƙaramar hukuma ɗaya aka sayar da shi ba. Daga manyan kasuwannin birni ya fito ya bazu, kuma babu duba-garin da zai gane shi da ido ko da hanci. Sai da Ma'aikatar Lafiya ta jiha da Hukumar Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya da hukumar NAFDAC ta tarayya suka haɗa hannu, aka kai samfur ɗakin gwaji, aka bi sawun kayan zuwa rumbunan da aka ɓoye su. Mai haɗa zoɓo a ƙauye da ya sayi ɗan ƙulli a kasuwa bai san abin da ya saya ba, ita ma ƙaramar hukumarsa ba ta da hanyar sani.

Haka batun burodi yake. Gidan burodi yana cikin jerin abin da ƙaramar hukuma ke kula da shi, amma hana amfani da sinadarin bromet mai kumbura burodi, NAFDAC ce ta yi shi a farkon shekarun 2000 zamanin Dora Akunyili, kuma ita ce ke yi wa abincin da ake ƙunshewa a leda rajista, har da ruwan leda. Saboda haka mai gidan burodi a Gwarzo zai ga jami'an tarayya, zai ga na ƙaramar hukuma, zai kuma ga na Hukumar Tattara Kuɗin Shiga ta jiha a kan harajin abin da yake samu. Wannan ba zalunci ba ne muddin kowa abin da ya zo nema daban ne. Zalunci yana farawa ne idan hukuma biyu suka karɓi kuɗi a kan abu ɗaya, an dai sauya masa suna, wannan ta kira shi kuɗin tsabta, waccan ta kira shi kuɗin lafiyar muhalli, alhali randa ɗaya ce kuma babu wanda ya leƙa ta.

Aikin jiha a ganinmu shi ne ta shimfiɗa ƙa'idar tsabta guda ɗaya wadda za a bi daga Kabo har Doguwa, ta horar da ma'aikata, kamar yadda Makarantar Koyon Tsabta ta Kano ta daɗe tana yi, ta tanadi ɗakin gwaji, ta sa wa kuɗin lasisi iyakar da ba za a wuce ba, sannan ta shigo da ƙarfinta idan annoba ta ɓarke. Manyan otal-otal da wuraren taro na birni, waɗanda hukumar yawon buɗe ido ta jiha ke yi wa rajista, maganarsu daban ce da ta teburin shayi, kuma hukuncin 2013 ya ba jiha ƙafar tsayawa a kansu.

Mai bin kasuwa tsakanin Kabo da Gwarzo

Akwai wani tanadi da ba kasafai ake ambatonsa ba, alhali ya shafi yankinmu kai tsaye. Sakin layi na 10 na kashi na biyu na Jadawali na Biyu ya ce idan majalisar jiha ta ba ƙananan hukumomi damar karɓar wani kuɗi, dole dokar ta tsara shi ta yadda ba za a karɓi kuɗi ɗaya a kan abu ɗaya a hannun mutum ɗaya a ƙaramar hukuma fiye da ɗaya ba. A ɗauki misalin mahaucin da ke zaune a Dugabau, wanda ke kafa tukuba a garinsu, ran kasuwar Getso kuma ya ɗauki kayansa ya tsallaka ƙasar Gwarzo. Kuɗin rumfa ko na wurin zama a kasuwar Getso haƙƙin Gwarzo ne, domin ita ke share kasuwar, ita ke kula da ita, babu gardama a nan. Amma shaidar cewa an duba lafiyarsa da tsabtar sana'arsa, wadda ya biya ya karɓa a Kabo, ba mu ga hujjar sake sayar masa da ita a Gwarzo ba. Jami'in Gwarzo yana da ikon duba namansa a ranar, ya hana shi sayarwa idan ya ga aibu, amma dubawa daban, sake karɓar kuɗin shekara daban. Wannan abu ne da shugabannin sassan lafiya da ma'ajin ƙananan hukumomin biyu za su iya daidaitawa a zama ɗaya, su sa hannu a takarda, a sanar da sarakunan pawa da sarakunan kasuwa.

Sai kuma matan da ke dafa ƙosai da ɗanwake da waina a cikin gida, yara su fita da shi talla. Wani jami'in zai ce ai su ma suna sayar wa jama'a abinci. Haka ne, amma a nan hankali ya kamata ya yi aiki. Abin da za a kashe wajen bin gida-gida ya fi abin da za a tara, ɓacin ran da za a jawo kuma ya fi duka biyun. Abin da ya dace da su shi ne jami'an lafiya mata su shiga su yi musu bayani a kan ruwa da rufe abinci da wanke hannu, ba tare da an karɓi ko kwabo ba. Tsarin mulki ya ba da ikon kulawa, bai ce dole kowace kulawa ta zo da rasit ba.

Sababbin dokokin haraji na tarayya da Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya sa wa hannu a ranar 26 ga Yuni, 2025, waɗanda suka fara aiki a watan Janairun 2026, su ma sun taɓa wannan fage. Naira 800,000 ta farko da mutum ya samu a shekara babu harajin kuɗin shiga a kanta, abin da ya shafi da yawa daga cikin masu ƙananan sana'o'in da muke magana a kai. Kason jihohi a kuɗin VAT ya tashi daga kashi 50 zuwa 55, na ƙananan hukumomi ya tsaya a kashi 35. An kuma kafa ofishin sauraron koken masu biyan haraji. Amma dokar majalisa ba ta gyara tsarin mulki, don haka Jadawali na Huɗu yana nan yadda yake.

Abin da ya rage aiki ne na cikin gida wanda ba ya buƙatar jiran Abuja. Kowace ƙaramar hukuma ta fitar da jerin kuɗin da doka ta amince mata ta karɓa a hannun masu abinci, da adadinsa, da lokacin biyansa, a rubuta da boko da ajami, a manna a sakatariya da bakin kasuwa da ƙofar gidan dagaci. Lasisi ya zama na shekara, kuma kada a ba da shi sai duba-gari ya sa hannu cewa ya je ya gani. Inda aka ba 'yan kwangila karɓar kuɗi, a sani cewa ɗan kwangila ba ya duba tsabta kuma ba shi da ikon rufe rumfar kowa. Idan hukumar jiha za ta shiga wata mazaɓa aiki, ya kyautu ta bi ta sakatariya, dagaci ya san da zuwanta.

Shi kuma mai sana'a, idan mai karɓar kuɗi ya zo, yana da damar ya nemi ganin katin shaidarsa, ya tambayi sunan kuɗin da hukumar da ta aiko shi, ya kuma ƙi biya idan babu rasit mai lamba da hatimi. Ya adana rasit ɗinsa na shekara, domin shi ne hujjarsa idan wani ya sake zuwa a kan abu ɗaya. Idan aka matsa masa, ya fara kai kuka wurin mai unguwa ko dagaci da kansilan mazaɓarsa, daga nan sai ofishin ma'aji a sakatariyar Kabo ko ta Gwarzo. Idan abin ya gagara a nan, Hukumar Karɓar Ƙorafe-Ƙorafe da Yaƙi da Cin Hanci da Rashawa ta Jihar Kano tana karɓar irin wannan koke, kuma zai fi ƙarfi idan ƙungiyar masu shayi ko ta mahauta ce ta kai shi a rubuce tare da kwafin rasit ɗin da aka ba 'ya'yanta.